Baƙin Soso a Gidan Tsaf-tsaf

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana goge ƙasan asibiti, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa samun wanda ya ja gado ya ga ƙura a ɗakin da ta share ba. Likitoci sun zo sun tafi, an sauya fentin bango sau huɗu, ita tana nan da bokitinta biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya, da tsummoki kala uku waɗanda ko da wasa ba ta yarda na banɗaki ya taɓa na tebur. Daga sama take farawa ta gangaro ƙasa, daga ƙurya ta nufo ƙofa, ba ta komawa inda ta wuce. Wata nas ce ta fara ce mata Tsaf-tsaf, sunan ya bi ta har ya danne nata na gaskiya.

Kada a yi saurin yi mata dariya. Matar nan ta ga ɗan ƙaramin rauni ya zama ajalin ƙato saboda hannu ɗaya da ba a wanke ba. Tun tana sabuwa a aikin ta yarda cewa abin da ido ba ya gani shi ke kisa, kuma maganinsa sabulu da ruwan zafi da bilic. A asibiti gaskiyarta ce. Matsalar dai ba ta taɓa iya ajiye aikin a bakin ƙofar asibiti ta tafi gida hannu sake ba.

Mijinta direban babbar mota ne, mutum mai raha. Yakan ce a gidan nan shi kaɗai ne dattin da aka ƙyale, shi ma don ya fi ƙarfin bokiti ne. Ya rasu lokacin ɗansu yana da shekara goma sha biyar, ya bar yaron shi kaɗai a ƙarƙashin idon uwarsa. Ba ta duka, ba ta zagi. In ya wanke kofi sai ta karɓa ta ɗaga shi saitin taga, ta juya shi sau ɗaya, ta miƙa masa ta ce, "Sake." Haka ga faranti, haka ga wuyan riga, haka ga farcen hannu. Ita a wurinta ƙauna ce, don wadda ta iya ke nan. Shi kuwa yaron bai taɓa jin ranar da ta ce abu ya fita ba.

Yanzu ya zama magidanci, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Gyaran firji yake yi, yana zaune da matarsa a can ɗaya gefen gari. Yana zuwa gaishe ta, ba a ce ba ya zuwa ba. Sau ɗaya ko biyu a wata zai hawo matakalar benen, ya ƙwanƙwasa, ya tsaya a bakin ƙofa da makullin babur a hannu.

"Umma, ina wuni. Babu abin da kike buƙata?"

"Shigo mana, ɗan nan."

"Kayana duk baƙin mai ne, zan ɓata miki kujera. Kuma ana jirana."

Sai ta ce to, a gaida gida. Abin da ke ci mata rai shi ne ta san bai yi ƙarya ba, don kafin idonta ya kai fuskarsa ya riga ya sauka a kan gwiwar wandonsa.

Da ta yi ritaya sai yini ya yi mata tsawo. Ciki da falo ne gidan, a hawa na biyu, kafin ƙarfe tara ta gama goge abin da ta goge jiya. Daga nan sai zama. Ƙarar firji, ƙarar ƙafafun maƙwabta a matakala, kowa ya wuce ƙofarta. Ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sha ba, lafiyarta ƙalau in ban da gwiwa. Abu ɗaya take so a duniya, kuma ba babba ba ne: ɗanta ya cire takalmi ya shigo ya zauna, ya daɗe har ta gaji da ganinsa.

Cikin wannan zaman ne ta tuna da tankin kifin da ke barandar jira a gaban ɗakin tiyata. Wani mutum ne daga waje ke zuwa kula da shi, ita nata kawai goge gilashin ta waje. Amma ta lura da wani abu shekara da shekaru. Mutumin da aka shiga da matarsa, wanda ya kasa tsaye ya kasa zaune, in ya zo saitin tankin nan sai tafiyarsa ta ragu, sai ya tsaya, can sai ka ga ya jawo benci. Kullum da safe takan goge shatin goshi da na yatsu a jikin gilashin. Kifi yana zaunar da mutum, wannan da idonta ta gani, ba labari aka ba ta ba.

Shagon mai kifin ɗan siriri ne, tsakanin mai faci da wani tela. Tankuna ne jere har rufi, ga ƙarar kumfar ruwa, ga wani ƙarni da ya sa ta ja mayafi ta rufe hanci. Mai shagon dattijo ne mai sanyin magana, hannun rigarsa na dama kullum a jiƙe har gwiwar hannu. Ya nuna mata wasu jajayen kifaye masu sauƙin kiwo, ita kuwa idonta na kan wasu rawaya shar da wasu shuɗɗa masu zane.

"Waɗannan dangin karfasa ne, Mama, 'yan manyan tafkunan Afirka. Siklid ake ce musu. Suna da kyau amma masu faɗa ne, kowa yana son ɗakinsa."

"Ai haka mutane suke. Su nake so."

Shi da kansa ya kawo tankin, ya ɗora a kan tebur mai ƙwari nesa da rana. Ya zuba yashi, ya jera duwatsu masu koguna, ya cika ruwa, ya ɗiga maganin da ke kashe kaifin ruwan famfo. Ya sa abin ɗumama ruwa, ya rataya matata a gefe, wani ɗan akwati mai inji da soso a ciki, ruwa na bi ta sosan yana komawa tanki. Ya ce ta bar shi ya yi ta aiki sati uku kafin a sa kifi. Ta yi sati ukun tana kallon ruwa yana zagaya duwatsu.

Ranar zaɓen kifi kuwa mai shagon ya sha mamaki. Ta tsaya gaban tankunan ta goya hannu, kamar yadda manyan likitoci ke tsayawa a kan gado.

"Ban da wancan, cikinsa ya faɗa. Ban da na lungun can, numfashinsa ya yi sauri. Wannan da ya tsuke fukafukansa a jiki, zazzaɓi ke damunsa ko bai faɗa ba. Wancan mai ɗigon fari kamar gishiri, ka raba shi da sauran tun wuri."

Ta sa ya zuba musu abinci ta gani. Waɗanda suka taso da gudu, ido garau, jiki a cike, su ta nuna. Wani tanki kuwa gaba ɗaya ta ƙi shi, don ta hango matacce ɗaya a bayan dutse.

"Mama, likita ce ke?"

"Shara na yi, Malam. Amma mai shara ya fi likita daɗewa a ɗakin marasa lafiya."

Shida ta ɗauka, huɗu rawaya biyu shuɗɗa. Ta sa ledar a kan ruwan tankin ta yi iyo na ɗan lokaci kamar yadda aka ce mata, sannan ta sake su. Ranar ta manta ba ta goge kan firji ba.

Sai Asabar ta zo, ranar babban wankinta. Ta buɗe matata don ta duba, ta ga soson nan da aka sa fari ya fara komawa ruwan ƙasa. Ai fa shi ke nan. Ta kwashe kifin ta sa a roba. Ta dafa duwatsun a tukunya, ta wanke yashi har ruwan ya fito garau, ta saɓe gilashin ciki da waje. Soson kuwa ta jiƙa shi a bilic har ya dawo fari fat, ta ɗauraye shi sau bakwai don kada warin ya taɓa bayin Allah. Ta zuba sabon ruwa, ba ta manta da ɗigon maganin ba. Tankin ya yi ƙyalli, ita ma ranta ya yi fes.

Zuwa Laraba ruwan ya yi hazo kamar an ɗiga madara, kifin suka taso sama suna buɗe baki. Da ta ga haka sai ta ce lallai wankin ne bai isa ba, ta sake yi, wannan karon da ƙarfi. Garin neman gira aka rasa ido. Ɗaya bayan ɗaya take samun su da safe a kwance a kan yashi, launinsu ya koɗe. Kowanne takan naɗe shi a takarda mai tsafta kafin ta fitar. Ta sake zaɓo wasu shida, lafiyayyu kamar na farko, su ma ba su kai sati uku ba.

Daga nan ba ta koma shagon ba. Tankin ya ci gaba da zagaya ruwa babu kowa a ciki. A kwanakin ne ɗanta ya zo, ya leƙo daga bakin ƙofa ya hango shi.

"Umma, ruwa kike kiwo?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi, ya sauka matakala. Da ta rufe ƙofa dariyar ba ta biyo ta ciki ba. Ta zauna ta dubi hannayenta, fatar duk ta bushe ta tsattsage da aikin shekaru. Tsoro ya kama ta sosai, tsoron cewa hannun nan ya iya hana mutuwa shiga ɗaki amma bai iya riƙe rai a cikinsa ba.

Da ta koma wurin mai kifi, ta je ne ta ce ya zo ya ɗauke kayansa. Bai ce to ba, bai ce a'a ba.

"Ruwa ba ya tsami banza, Mama. Faɗa min duk abin da kike yi musu, kada ki tsallake komai."

Ta faɗa masa, har da ɗan alfahari, don ta san babu mai aikin da zai kai nata. Da ta zo kan bilic sai mutumin ya jawo bokiti ya kife ya zauna a kai.

"Laifina ne da ban faɗa miki ba, ban taɓa zaton akwai mai yi ba. Mama, kifi a ruwan da yake sha yake bayan gida. Abin da yake fitarwa guba ne. Akwai wasu ƙananan halittu, ido ba ya ganinsu, a cikin soson nan suke zama, su ke cinye gubar. Sati ukun da na ce ki jira, su muke jira su taru. Ke kuwa duk Asabar sai ki bi su ki kashe."

"Ƙwayoyin cuta kake nufi."

"Ƙwayoyi dai. Ban da cutar."

Shekara talatin da ɗaya tana yaƙi da abin da ba a gani, yau ga wani mai jiƙaƙƙen hannu yana ce mata a cikinsu akwai na kirki, kuma ta kashe su sun tafi da kifi goma sha biyu. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a gaban babban likita.

Ya tashi ya buɗe matatar wani tsohon tanki, ya zaro soso baƙi ƙirin yana yauƙi, ya sa a leda da ɗan ruwa ya ɗaure.

"Ki sa shi yadda yake. Kada ki wanke, kada ki ɗauraye. Kada ma ki cika kallonsa, na san halinki. Duk sati ki rage kwatan ruwa ki ƙara sabo. In soson ya toshe, a cikin ruwan da kika rage za ki ɗan matsa shi, shi ke nan."

Ta riƙo ledar da yatsu biyu nesa da jikinta tun daga shagon har gida, mutane na kallonta a hanya. Ta sa shi a matata tana kau da kai, sannan ta wanke hannu har gwiwa sau uku. Kifi huɗu ta kawo a wannan karon, uku rawaya da shuɗi ɗaya.

Wahalar da ta sha a watannin da suka biyo baya ba ta ɗaukar bokiti ba ce, ta barin abu ce yadda yake. Asabar na zuwa hannunta ya fara ƙaiƙayi. Don ta huce sai ta ɗauki tsumma ta wanke matakalar benen tun daga sama har ƙasa. Maƙwabta su ce an gode Mama, su tsallake jiƙaƙƙen wurin, su shige su rufe ƙofa.

Kifin kuwa suka rayu. Shuɗin ya zaɓi kogon tsakiya ya hana kowa raɓa. Ya kama ɗibar yashi da baki yana tofarwa a gaban gilashi, ya lalata shimfiɗar da ta baje daidai. Sau uku tana gyarawa yana rushewa, ta haƙura ta bar masa. Wani kore-kore ya fito a gilashin baya, rawayan na tsattsagarsa, shi ma ta kau da ido. In ta doso da abinci sai su taru a kusurwa suna rawar jiki. Tun rasuwar mijinta babu wanda ya yi murnar ganinta ta shigo ɗaki sai su.

Wata rana ɗaya daga cikin rawayan ta daina cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura, ta laɓe a bayan dutse. Tsaf-tsaf ta sauka matakala da gwiwar nan tata har shago.

"Ba ciwo ba ne, Mama," in ji mai kifi. "Ƙwai ne a bakinta. Haka suke yi. Za ta yi wajen sati uku ba ta ci komai ba, har su ƙyanƙyashe su yi ƙwari, sannan ta sake su."

Ta dawo ta zauna gaban tankin tana duban mai ƙwan. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Daga ranar takan rage wa sauran abinci kaɗan, wai don kada mai jegon ta ji kwaɗayi.

Sau biyu ta kira ɗanta a waya ta ce kifin sun rayu, ya zo ya gani. Ya ce in Allah ya yarda, zafi ne ya shigo, kowa firjinsa ya lalace. Kujerar da ta fi kyau a gidan ta ajiye a gaban tankin tun ranar da aka kawo shi. Ita a kan ƙaramar take zama, a gefe. Wata huɗu kujerar nan tana goge ta babu wanda ya hau.

Sai firjinta ya daina sanyi. Ban ce ita ta taɓa shi ba, tsoho ne, ya isa ya gaji. Amma firji ba a gyara shi daga bakin ƙofa. Ran Asabar da hantsi ɗanta ya zo da jakar kayan aiki, ya durƙusa ya kwance igiyar takalmi, ya shigo. Ya gama gyaran cikin ɗan lokaci, ya wanke hannu, ya nufi ƙofa. Da ya zo saitin tankin sai tafiyarsa ta ragu. Shuɗin na tsakiyar aikin yashinsa. Ya tsaya. Can sai ya dafa kujerar ya zauna, da wandon aikin da komai.

Ita tana tsaye a bakin kicin, ko motsi ta kasa.

"Bari in dafa maka wani abu," ta ce a hankali.

"To."

Ta manta rabon da ta ji wannan kalma daga bakinsa a kan abinci. Ta duba ta ga babu albasa, man ma ya kusa ƙarewa. Ta ce ya zauna yanzu za ta dawo. A kantin bakin titi ta tarar da layi, ga gwiwa, ga matakala. Ta fi rabin awa.

Tun a hawa na farko ta ji warin. Babu warin da ta sani a duniya kamar wannan. Ta tura ƙofa ta same shi ya naɗe hannun riga, gilashin baya ya yi ƙal babu ɗigon kore, ga soson wanke-wankenta na kicin da kumfa a kan tebur, ga kwalbar bilic a buɗe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

"Umma, na buɗe akwatin nan na ga abin da ban taɓa zaton zan gani a gidanki ba. Ashe idonki ya fara rauni ba ki faɗa min ba. Na yi sauri ne in gama kafin ki dawo."

Ya buɗe matatar, injin na aiki, ya zaro soson ya miƙo mata. Fari fat. Ta karɓa, hancinta ya gaya mata ɗauraya biyu aka yi masa, in ya yi yawa uku, kuma ruwan tankin ya jima yana bi ta cikinsa. Ta san abin da ya kamata a yi yanzu-yanzun nan. A kwashe kifin, a zubar da ruwan, a yi ta jigilar bokiti. Ta kuma san in ta ɗauko bokitin, ya gane, kuma ba sai ta ce masa sake ba.

Yana tsaye yana kallonta, mutum mai furfura a gemu, hannunsa na ɗigar da ruwa a kan kafet ɗinta. Jira yake.

Ta ɗaga soson saitin taga, ta juya shi sau ɗaya.

"Ya fita," ta ce. "Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

Ya yi wata 'yar dariya ya sunkuyar da kai, ya shafa ƙeya. Ta ajiye soson a gefe ta ce a bar shi ya sha iska, ta kashe injin ta ce shi ma ya huta. Sannan ta juya kujerar ta fuskanci teburin cin abinci, ta ce ya dawo nan, hasken tankin zai gajiyar masa da ido. Ya zauna ya ba kifin baya.

Ta dafa shinkafa a gurguje, ta zuba masa, ta zauna gabansa. Ya ci, ya kuma yi hira, abin da ba ta san ya iya ba. Ya ba ta labarin masu sokar ƙanƙarar firji da wuƙa su huda bututu, sannan su rantse haka suka wayi gari suka gan shi. Ya ce bayansa ya fara ciwo in ya ɗauki kaya zuwa bene. Ya ce matarsa na son su sauya gida, shi kuwa ya saba da unguwar. Ya tuna mata lokacin da yake tasowa daga makaranta ya jira ta a bencin asibiti har ta tashi aiki, ya ce har yau in ya ji warin bilic sai ya ji yunwa.

Tana amsa masa, tana dariya inda ya dace, idonta kuwa na tsallake kafaɗarsa. Ta ga shuɗin ya bar kogonsa ya taso sama yana buɗe baki. Ta ga rawaya biyun sun bi shi. Can mai ƙwan ta fito daga bayan dutse tana tangaɗi, ta buɗe baki, wasu 'yan mitsi-mitsi kamar tsakin shinkafa suka watsu a ruwa, suka ɗan yi yawo, suka fara sauka ƙasa. Tsaf-tsaf ta miƙa hannu ta ɗauki cokali ta ƙara wa ɗanta abinci.

"Yau kin zauna, Umma," ya ce. "Ban taɓa ganin kin zauna ana cin abinci ba ki tashi goge wani abu ba."

"Tsufa ne."

Sai bayan la'asar ya miƙe. Kafin ya waiwaya ta riga ta yafa wa tankin tawul, ta ce a wannan lokacin hutawa suke, ba sa son haske. A bakin ƙofa yana ɗaure takalmi ya ɗago.

"Asabar mai zuwa zan dawo in sake wanke miki soson. Ki daina wahalar da kanki, ki bar min wannan."

"Allah ya yi maka albarka."

Ta tsaya har ta ji tashin babur ɗinsa, sannan ta yaye tawul ɗin ta ɗauko bokiti. Ɗaya kawai ta samu da sauran numfashi, ƙaramar cikin rawayan, wadda kullum ake kora daga wurin abinci. Ta yi ta jigilar ruwa tana kuka, kuka sosai, na kifin da na 'ya'yan da ko kwana ɗaya ba su yi a waje ba. Amma da za a maido mata da yinin, ta san a kujerar nan za ta sake zama.

Ran Litinin ta je shago. Mai kifi ya dubi fuskarta ya ajiye ragar da ke hannunsa.

"Mama, kin koma wankin ke nan."

"Na koma, Malam. Hali zanen dutse."

Bai yi mata faɗa ba. Ya zaro wani baƙin soson ya ɗaure a leda. Ta karɓa da hannu biyu, sannan ta nuna sababbin da ke kan kantar shagon ta ce ya haɗa mata da sabo guda ɗaya.

"Sabon kuma na mene ne?"

"Na wanki ne."

Ya dube ta, ya ga ba za ta ƙara ba, ya miƙo mata.

A gida ta sa baƙin a matata ta kunna inji. Sabon kuwa ta jefa shi a 'yar roba, ta zuƙo ruwan ƙasan tanki mai gurɓi ta zuba a kai, ta tura ƙarƙashin tebur. In ɗanta ya zo za ta ce ta riga ta ciro masa soson, ga shi nan. Gilashin za ta goge da kanta tun jajibiri don kada ya sami dalilin sa hannu a ruwan. Ko zai zo, ko aiki zai riƙe shi, ba ta sani ba. Kullum da safe dai takan durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo ta jawo robar ta duba. Ran Juma'a ta ɗaga soson saitin taga, ta ga bai yi dattin da zai isa a daɗe ana wankinsa ba, sai ta je kicin ta kwaso ragowar ganyen shayi ta cuɗa masa.